Tsakanin Gargaɗi da Isowar Ruwa

A tsakiyar watan Nuwamban 2007 mahaukaciyar guguwar Sidr ta faɗa wa gaɓar tekun Bangladesh, ta kashe mutum sama da 3,000. Ba a cika wata shida ba, a farkon Mayun 2008, wata guguwar mai suna Nargis ta taso daga wannan teku dai, ta shiga yankin bakin kogin Irrawaddy a Myanmar, maƙwabciyar Bangladesh. Waɗanda suka mutu ko suka ɓace sun kai kimanin 138,000. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a ɓangarorin biyu, wadda ruwan teku ke hawa ba da wahala ba. Manoma ne da masunta talakawa a nan da can, kuma Sidr ba ta gaza Nargis ƙarfi ba. Gaskiya ne dajin Sundarbans ya rage wa Sidr kaifi kafin ta iso ga mutane, amma daji kaɗai ba zai bayyana irin wannan tazara ba. Masu hasashen yanayi na Indiya sun sanar da hukumomin Myanmar tun kwana biyu kafin guguwar ta sauka. Labarin ya isa ofis, sai dai bai zama ƙafa a kan hanya ba, domin ba a tanadi wanda zai kai shi ƙauye ba, ba a kuma tanadi inda ɗan ƙauyen zai gudu ba. Bayan ruwa ya janye, gwamnatin sojan ƙasar ta ɗauki makonni tana jan ƙafa kan barin ma'aikatan agaji na waje su shiga.

Bangladesh ba ta samu nata ilimin a sauƙaƙe ba. A 1970, tana Gabashin Pakistan a lokacin, guguwar Bhola ta hallaka aƙalla mutum 300,000. A 1991 wata ta sake cinye kimanin 138,000 a yankin Chittagong. Bayan ta farkon ne aka kafa shirin ko-ta-kwana na guguwa, haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent, wanda a yau ke da 'yan sa-kai sama da 70,000, kusan rabinsu mata. Yana da kyau a dubi yadda aikin ke tafiya daga kusa, don a nan duk maganar take.

Idan ofishin hasashen yanayi da ke Dhaka, babban birnin ƙasar, ya hango guguwa na haɗuwa a teku, saƙo yakan bi ta oba-oba zuwa gundumomi, daga nan ya gangara ƙauyuka. A bakin teku sai a fara ɗaga tuta. Tuta ɗaya, a sa ido. Biyu, hatsari ya matso. Uku, kowa ya bar gida. Ɗan sa-kai zai sa rigar aikinsa, ya rataya amsa-kuwwa, ya hau keke ko ya taka da ƙafa, yana bi gida-gida. Ɗan unguwa ne, ya san gidan da ke da tsohuwar da ba ta iya tafiya, ya san mai tsohon ciki, ya san maigidan da ya ƙi fita bara, kuma ya san bakin da zai yi masa magana ya ji. Inda ake kai mutanen gini ne na kankare da aka ɗora a kan ginshiƙai, ƙasansa a buɗe don ruwa ya bi ya wuce, jama'a suna sama. A ranakun lafiya yawancin irin waɗannan gine-gine makarantun firamare ne. Saboda haka yara sun san hanyarsu ko cikin duhu, kuma akwai mai sharewa da mai gyara ƙofa idan ta ɓalle. A wasu wuraren an tara tudun ƙasa mai tsawo a kusa, don shanu da awaki.

Wannan tudun dabbobi shi ne ya fi burge ni a cikin shirin duka, domin ya nuna cewa wani ya zauna ya tambayi talaka abin da ke hana shi gudu. Jami'an da ke babban birni sukan yi saurin cewa mutane taurin kai gare su, an gargaɗe su sun ƙi ji. To amma mutumin da duk abin da ya mallaka saniya biyu ce da 'yar rumfarsa, idan ka ce ya tafi ya bar su, lissafi yake yi, kuma lissafin nasa ba na wawa ba ne. Guguwa tana iya zuwa, tana iya kaucewa. Ɓarawo kuwa ya san gidan ba kowa. In ya tsira da ransa ya rasa saniyar, da me zai ci da iyali? Haka mace ke nata lissafin. A guguwar 1991 matan da suka mutu sun ninka maza nesa ba kusa ba, kuma cikin dalilan akwai jiran maigida ya dawo kafin a fita, da riƙon yara, da ƙin shiga cunkoso da baƙin maza a wurin da babu makewayi na mata. Da aka fara shigar da mata cikin 'yan sa-kai, aka ware musu ɗaki da makewayi a matsugunan, sai abin ya fara sauyawa. A 2020, ana tsakiyar annobar korona, Bangladesh ta kwashe mutum kusan miliyan 2.4 kafin guguwar Amphan, kuma waɗanda suka rasu a ƙasar gommai kaɗan ne. Jihar Odisha ta Indiya ma ta bi wannan tafarki: ta rasa kusan mutum 10,000 a guguwar 1999, ta kafa hukumarta ta kula da bala'o'i a wannan shekara, sannan da guguwar Phailin ta zo a 2013 aka kwashe kusan mutum miliyan 1, mamatan ba su kai 50 ba.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, shirin ƙasa na tunkarar bala'i sarƙa ce da ta faro daga tauraron ɗan'adam ta ƙare a ƙofar ɗakin talaka, kuma a ƙasashe masu tasowa ba kasafai take tsinkewa daga sama ba. Kimiyyar hasashe ta yi nisa. Yau ana iya hango hanyar guguwa kwanaki kafin ta sauka, kuma ƙasar da ba ta da tauraro tana samun bayanin daga cibiyoyin yankinta. Takardun shiri ma ba a rasa su ba. Makonni kaɗan bayan igiyar tsunami ta Disamban 2004, wadda ta kashe mutum kusan 230,000 a ƙasashen da ke kewaye da Tekun Indiya, ƙasashen duniya sun amince da tsarin Hyogo na rage haɗarin bala'o'i a Japan, daga baya tsarin Sendai ya gaje shi daga 2015 zuwa 2030. Ƙasashe da dama sun yi doka, sun kafa hukumar agajin gaggawa, sun buga kundi mai kauri. A 2022 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya sa burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan'adam ya kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin wuri. Duk wannan alheri ne. Tambayar ita ce me ke faruwa a cikin sa'o'in da ke tsakanin fitowar gargaɗi da isowar ruwa.

Da farko akwai harshe. Lokacin da guguwar Haiyan ta tunkaro Filifin a Nuwamban 2013, hukumar hasashen ƙasar ta yi gargaɗi daidai, har ta ce ruwan teku zai tunkuɗo kan tudu. Sai dai ta faɗe shi da kalmar masana, cikin Turanci, kuma da yawa daga mazauna birnin Tacloban ba su san abin da take nufi ba. Sun saba da iska, sun ɗaure rufin gidajensu suka zauna. Wasu waɗanda suka tsira sun ce da an ce musu tsunami ne ke zuwa, da sun gudu. Mutum sama da 6,000 suka mutu, wasunsu a cikin wuraren fakewar da ruwa ya cimma. A kwatanta da tsibirin Simeulue na Indonesiya, wanda ke dab da inda girgizar ƙasar da ta haddasa tsunamin 2004 ta taso. Mutanen tsibirin suna da kalmarsu, smong, da suka gada daga wata igiyar ruwa ta 1907, kakanni suna ba jikoki labari: idan ƙasa ta girgiza teku ya ja baya, kada ka tsaya tsintar kifi, nufi tudu. Cikin mazauna sama da 70,000, mutum bakwai aka ruwaito sun mutu. Gargaɗin da ba ya cikin harshen da mutum ke mafarki da shi, kuma bai gaya masa abin da zai yi da inda zai nufa ba, bai kai gargaɗi ba tukuna.

Sai kuma batun wanda zai yanke hukunci, kuma a nan ne aka fi asarar rayuka cikin takaici. A 1985 dutsen Nevado del Ruiz da ke Kolombiya ya shafe watanni yana nuna alamun aman wuta. A watan Oktoba masana sun fitar da taswira da ta nuna garin Armero na kan hanyar malalar laka idan ƙanƙarar da ke saman dutsen ta narke. Ranar 13 ga Nuwamba toka ta fara zuba a garin da rana, aka riƙa kwantar wa mutane hankali cewa su zauna a gida. Dutsen ya fashe wajen ƙarfe tara na dare. Lakar ta ɗauki fiye da sa'a biyu kafin ta iso, lokacin da ya ishi mutum ya taka zuwa tudu. Mutum sama da 20,000 suka mutu a garin. Shekara 38 bayan haka, a Satumban 2023, aka sake ganin irin wannan a Derna ta Libiya. An yi hasashen guguwar Daniel kwanaki kafin ta iso. An daɗe da sanin cewa madatsun ruwa biyu da ke saman birnin, waɗanda aka gina tun shekarun 1970, sun rasa kulawa. Amma ƙasar na da gwamnatoci biyu masu gaba da juna, kuma maimakon a kwashe mazauna bakin kwarin, sai aka sa dokar hana fita. Madatsun suka ɓalle cikin dare. An tabbatar da mutuwar sama da 4,000, wasu dubbai kuma ba a gan su ba.

Ba na son a ɗauka cewa duk jami'in da ya yi jinkiri mugu ne. Ka sa kanka a matsayinsa. Idan ya ba da umarnin kwashe gari guguwa ta kauce, ya tsayar da kasuwa, ya kashe kuɗin da ba shi da su, gobe kuma ba wanda zai saurare shi, wataƙila ma ya rasa kujerarsa. Idan ya yi shiru bala'i ya auku, akwai mutum goma da za a raba laifin da su. Tsarin da ya bar shi shi kaɗai da wannan nauyi cikin dare ya riga ya tura shi ga yin shiru. Maganin da ƙasashen da suka ci gaba a wannan fanni suka samo shi ne a yanke hukuncin tun ranar lafiya. A rubuta a doka cewa idan ruwan kogi ya kai kaza a ma'auni kaza, ko iska ta kai gudun kaza, wane ne zai busa jiniya, wane ne zai buɗe makarantu, motocin wa za a ɗauka, kuma ba sai an jira waya daga fadar shugaban ƙasa ba. A kuma gaya wa jama'a tun farko cewa wani lokaci za a fitar da su ruwa bai zo ba, kuma hakan ba kuskure ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kyuba, duk da ƙarancin abin hannunta, tun 1986 take gudanar da atisayen ƙasa baki ɗaya kowace shekara kafin lokacin guguwa, har kowa ya san maƙwabcin da zai ɗauka da gidan da zai sauka.

Iko ba tare da kuɗi ba kuwa wahala ce kawai. A ƙasashe da yawa hukumar agajin gaggawa tana da suna da tambari, amma sai bala'i ya auku sannan za ta rubuta takardar neman kuɗi, takardar ta bi ofis-ofis, baitulmali ya saki rabi bayan wata biyu. Ihu bayan hari ke nan. Yunwar Somaliya ta 2011 ta nuna munin wannan ɗabi'a a matakin duniya. Tun cikin 2010 cibiyoyin sa ido kan abinci ke ta gargaɗi cewa damina ta gaza, dabbobi na mutuwa. Masu ba da tallafi suka jira sai da aka ayyana yunwa a hukumance a watan Yulin 2011. Mutum kusan 260,000 suka mutu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kaso mai yawa sun riga sun mutu kafin a yi sanarwar. Fari ba ya zuwa da ƙara kamar guguwa, shi ya sa ya fi sauƙin a yi masa kunnen uwar shegu.

Akwai dabarun da aka gwada suka yi aiki. Dokar Filifin ta 2010 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta don bala'o'i, kashi 30 na wannan a ajiye don ɗaukin gaggawa, sauran a kashe wajen shiri da rigakafi. Ƙasashen Karibiyan sun haɗa asusun inshora a 2007 wanda ke biya da zarar ƙarfin girgiza ko guguwa ya kai wani ma'auni, ba sai an zagaya an ƙirga ɓarna ba. Tarayyar Afirka ta kafa makamancinsa a 2012, kuma a farkon 2015 ya biya Senegal da Muritaniya da Nijar kimanin dala miliyan 26 saboda fari. A Yulin 2020 asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saki sama da dala miliyan 5 a Bangladesh bisa hasashe kaɗai, aka tura wa iyalai kuɗi ta wayar salula kafin ambaliyar kogin Jamuna ta kai ƙololuwa. Kuɗin ba su da yawa, amma sun iso lokacin da mutum zai iya hayar kwalekwale ya ɗauke iyalinsa da dabbobinsa. Tunanin ba sabo ba ne ga duk wanda ya san ƙissar Annabi Yusuf da tanadin shekara bakwai.

Wasu bala'o'in ba sa sallama. Girgizar ƙasa ba ta ba da kwana biyu, don haka shirinta yana cikin siminti da rodi. A Janairun 2010 girgiza mai maki 7 ta rusa Port-au-Prince, babban birnin Haiti, kuma mafi yawan ƙiyasi sun ce mamatan sun haura 100,000. Bayan mako shida wata mai maki 8.8, wadda ta ninka ta ƙarfi sau ɗaruruwa, ta afka wa Chile, ta kashe mutum 500 da 'yan kai. Chile ta fi Haiti arziki ƙwarai, ba a musun wannan, amma abin da ya riƙe gine-ginenta shi ne ƙa'idar gini da ake tilasta bi tun bayan girgizar 1960. A Haiti gwamnatin kanta ce ta rushe: fadar shugaban ƙasa, yawancin ma'aikatu, har da hedikwatar tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya. Shirin da ya ɗauka cewa ofishin masu ceto zai tsaya, waya za ta yi aiki, gada na nan, shiri ne na ranar da babu bala'i. Kuma a irin wannan rana, mafi yawan waɗanda ake zaƙulowa da rai daga ƙarƙashin ɓaraguzai maƙwabtansu ne ke zaƙulo su, da hannu da shebur, kafin jirgin farko na ƙwararrun waje ya sauka. Horar da 'yan unguwa kan taimakon farko ya fi araha, ya kuma fi ceton rai, a kan sayen manyan motocin da za a jera a babban birni. Sannan bala'i na biyu yakan biyo na farko: kwalarar da ta ɓarke a Haiti a ƙarshen wannan shekara ta kashe kusan mutum 10,000. Ruwan sha da makewayi a sansani suna cikin shirin ceto kamar yadda jirgi mai saukar ungulu yake ciki.

To in hanyar a bayyane take haka, me ya sa ƙasashe da yawa ba sa bin ta? Talauci na ciki, amma Bangladesh ta fara nata shirin tana cikin ƙasashen da suka fi kowa talauci a duniya. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne yadda siyasa ke saka wa mai rabon agaji, ta manta da mai rigakafi. Shugaban da ya je sansani ya miƙa barguna, kyamara na ɗauka, kowa ya gan shi. Wanda ya yashe magudanan ruwa, ya gyara madatsa, ya hana gini a kan hanyar ruwa, ba shi da abin nunawa, domin ambaliyar da ba ta auku ba ba ta da hoto, kuma ya tara maƙiya cikin waɗanda ya hana. Masu ba da tallafi na waje ma haka suke, hannunsu ya fi saki idan an ga gawa a talabijin. Wannan yana sosa mini rai, don waɗanda ke biyan kuɗin wannan lissafi su ne mutanen da ba su da inda za su zauna sai bakin kwari da gangaren tsauni, ba don sun so ba sai don nan ne ƙasar da ba wanda ya yi musu takara a kanta.

Dole a kuma faɗi iyakar abin. Gargaɗi da kwashe mutane suna ceton rai, ba sa ceton gona da gida. Pakistan na da hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa shekaru da dama kafin ambaliyar 2022, amma ruwan ya shafi mutum miliyan 33, ya kashe sama da 1,700, ya jawo ɓarna da asara ta sama da dala biliyan 30. Iyalin da aka ceto sau uku cikin shekara goma, kowane karo suna dawowa su tarar da babu komai, a raye suke amma suna ƙara nutsewa cikin bashi. Wannan ya sa shirin bala'i ba zai tsaya a hukumar agaji kaɗai ba. Yana hannun mai raba filaye, da mai ba da izinin gini, da mai tsara kasafin kuɗi, da mai kula da madatsun ruwa, har da ƙasar da ke saman kogi wadda za ta iya sakin ruwa ba ta sanar da ta ƙasa ba.

Ko abin da aka riga aka gina ma yana buƙatar mai kula da shi kullum, kuma nan ne ayyukan tallafin waje suka fi mutuwa: a kawo na'ura, a yanke ƙyalle, aikin ya ƙare bayan shekara uku, ba a sa kuɗin batir ko albashin mai gyara a kasafin ƙasa ba. Bayan tsunamin 2004, ƙasashe irin su Jamus da Amurka sun taimaka wa Indonesiya da na'urori masu shawagi a teku don gano tasowar igiyar ruwa. Ranar 28 ga Satumban 2018 girgizar ƙasa da tsunami suka afka wa birnin Palu da kewayensa, mutum sama da 4,000 suka mutu. A kwanakin da suka biyo baya kakakin hukumar bala'o'i ta ƙasar ya shaida wa manema labarai cewa na'urorin, su 22, ba sa aiki tun 2012, wasu an lalata su, wasu kuma an rasa kuɗin gyara su.